Yadda Silaida, Akwatin Lamba da Na'urar MIDI Za Su Yi Magana da Baki Ɗaya a Pure Data

Tambayar da aka aiko ita ce: "Na haɗa ƙaramin injin kiɗa a Pure Data. Akwai filta da nake so in riƙa sarrafa mitarta ta hanya uku: silaida, akwatin lamba, da abin murɗawa na kibod ɗin MIDI. In na haɗa silaida da akwatin lamba kowanne yana ba ɗan'uwansa, sai jan rubutu ya fito cewa stack overflow. In na cire igiya ɗaya, sai ɗaya ya motsa ɗaya ya tsaya. In kuma na ɗauko saitin da na ajiye, sai sauti ya canza amma abin da ke allo yana nan yadda yake. Ina mafita?"

Ɗan'uwa, sannu da ƙoƙari. Matsaloli ukun nan da ka lissafa tushensu ɗaya ne: a facinka, wato tsarin akwatuna da igiyoyin da ka haɗa, babu wurin da mitar filtar, wato lambar da ke nuna inda filtar za ta tace sauti, take zaune. Silaida tana riƙe da tata lambar, akwatin lamba yana riƙe da tasa, mamurɗin da ke kan kibod yana can da tasa, ita kuwa filtar tana aiki da duk wadda ta iso mata a ƙarshe. Lambobi huɗu ke nan a kan abu ɗaya, kai kuma kana ta jan igiya tsakaninsu domin su daidaita. Akwai ɗan gyara na gaggawa da zai kawar da jan rubutun nan take, kuma zan ba ka shi. Amma da yake kana da na'urar MIDI (hanyar da kayan kiɗa ke aika wa kwamfuta saƙo) da ajiyayyen saiti, wannan gyaran ba zai ishe ka ba, sai ka sake tsarin daga tushe.

Mu fara da dalilin jan rubutun, domin duk abin da zai biyo baya a kansa ya dogara. A Pure Data, ko Pd a taƙaice, shirin haɗa sauti da akwatuna da igiyoyi wanda Miller Puckette ya fara fitarwa wajajen 1996, saƙo ba ya shiga layi ya jira. Da zarar akwati ya fitar da lamba, sai ta bi igiya ta shiga akwati na gaba, shi ma ya yi aikinsa ya miƙa gaba, har sai reshen nan ya kai ƙarshe tukun a komo a bi reshe na biyu. Duk wannan kuma yana faruwa ne ba tare da agogon sauti ya matsa ko kaɗan ba. To ita silaida, in lamba ta shigo mata ta mashigarta, abu biyu take yi: ta gyara matsayinta a allo, sannan ta sake fitar da lambar. Haka shi ma akwatin lamba. Da ka haɗa su ta ɓangare biyu, sai suka zama kamar 'yan tsegumi biyu a zaure ɗaya: wannan ya faɗa wa wancan labari, wancan ya juyo ya faɗa wa wannan a matsayin sabo, babu mai cewa ai na riga na ji. Pd yana ƙirga zurfin wannan miƙe-miƙen, in ya kai wata iyaka sai ya katse, ya buga maka stack overflow. Katsewar ce ta hana shirin sandarewa gaba ɗaya.

Wasu in sun ga haka sai su saka `pipe` ko `delay`, akwatunan jinkirta saƙo, a tsakani. Kada ka yi. Jan rubutun zai ɓace, amma kewayen yana nan, lambar tana ta zagaye a ɓoye tana cin ƙarfin kwamfuta, kuma in ka ja silaida za ka ga tana fizgewa tana komawa baya saboda tsohuwar lamba ta dawo ta same ta. Gara kuskuren da yake ihu da wanda ya yi shiru.

Maganin gaggawa shi ne saƙon `set`. Kusan duk abin da ake taɓawa a Pd, silaida ce, akwatin lamba ne, makunni ne ko jerin zaɓi, ya san wannan saƙon, kuma ma'anarsa ita ce: nuna wannan lambar, amma kada ka fitar da ita. Sai ka sa akwatin saƙo mai ɗauke da `set $1` (`$1` na nufin lambar da ta shigo) tsakanin mafitar silaida da mashigar akwatin lamba, ka sa wani irinsa a hanyar dawowa. Sannan kowannensu ya sami tasa igiyar zuwa filta, domin yanzu babu mai miƙa lambar ɗan'uwansa gaba. In abubuwa biyu ne kacal, wannan ya wadatar, ni ma shi nake yi in ina gwaji.

Amma duba abin da ke faruwa in suka ƙaru. Biyu suna buƙatar igiyar `set` biyu. Uku suna buƙatar shida, huɗu sha biyu, domin kowanne sai ya sanar da duk sauran. Kai kana da huɗu: silaida, akwati, mamurɗi da ajiyayyen saiti. Ka manta igiya ɗaya, sai a sami hanyar da sauti zai canza allo bai sani ba, wato matsalarka ta uku daidai.

Tsarin da nake ba ka shawara shi ne ka ware wuri ɗaya tak inda lambar za ta zauna. Mu kira shi ma'ajiya. Sauran duka fuskoki ne kawai: suna kai ƙoƙon bara ga ma'ajiya cewa a canza, ita kuma ta yanke hukunci ta sanar da kowa. Babu fuskar da za ta yi magana da wata fuskar, babu kuma wadda za ta taɓa filta kai tsaye. Wannan ba sabon tunani ba ne. Trygve Reenskaug ya tsara irinsa a Xerox PARC a 1979, inda ya raba bayanin kansa da abin da ke nuna shi da abin da ke karɓar umarnin mutum, kuma har yau a kansa ake gina yawancin manhajoji masu allo.

A aikace, sunaye uku kake buƙata. Na farko ƙofar shiga, `$0-mita-shiga`. Na biyu ƙofar sanarwa, `$0-mita-nuna`. Na uku hanyar injin sauti, `$0-mita-inji`. Ma'ajiyar kanta ba ta wuce ɗan jerin akwatuna ba:

`r $0-mita-shiga` yana ba `clip 20 20000`, shi kuma yana ba `f`, shi kuma yana ba `t f f`. Mafitar dama ta `t f f` tana zuwa `s $0-mita-nuna`. Ta hagu tana bi ta `change` zuwa `s $0-mita-inji`.

`r` mai karɓa ne ta suna, `s` mai aikawa, `clip` yana tsare lamba cikin iyaka, `change` kuma ba ya barin lamba ta wuce sai ta canza. Shi `f` shi ne ainihin mazaunin lambar. Duk lokacin da kake son kowa ya sake jin halin da ake ciki, sai ka aika masa `bang`, wato saƙon bugu da ke sa shi fitar da abin da yake riƙe da shi. Kowace fuska kuma tana da hanya biyu: mafitarta tana zuwa `s $0-mita-shiga`, sannan a samanta akwai `r $0-mita-nuna` da ke bi ta `set $1` ya shiga mashigarta. In ka ƙara fuska ta biyar gobe, hanya biyun nan kawai za ka yi mata, ba ruwanka da sauran.

Akwai dalilin da ya sa na sa `change` a reshen inji kaɗai, kuma ina so ka lura da shi. A ce mita tana 20000, sai wani ya rubuta 50000 a akwatin lamba. `clip` zai mayar da ita 20000. In da `change` yana gaban reshen biyu, zai ce ai babu abin da ya canza, ya haɗiye saƙon, akwatin kuma ya ci gaba da nuna 50000 alhali filta tana 20000. Da yake reshen sanarwa a buɗe yake, `set 20000` zai koma ya gyara akwatin nan take. Fuska tana buƙatar a gaya mata gaskiya ko da inji ba ya buƙatar komai.

Haka kuma kada ka raina `t f f`. A Pd, in igiya biyu suka fito daga mafita ɗaya, wadda za a fara bi ya danganta ne da yadda aka jera su lokacin haɗawa, abin da ido ba ya gani a allo. Ka goge igiya ka sake ja, tsari ya juya ba ka sani ba. `trigger`, wanda `t` ke wakilta, yana fitarwa ne daga dama zuwa hagu kullum, don haka duk wurin da "wa ya riga wa" yake da tasiri, shi za ka sa.

Game da `$0`: lamba ce ta musamman da Pd ke ba kowane faci da aka buɗe. In ka mayar da filtar nan ƙaramin faci mai zaman kansa ka kira shi sau takwas, kowanne zai sami sunayensa, ba za su shiga gonar juna ba. Yana aiki a akwatunan aiki da cikin tagar Properties, amma a Pd na asali ba ya aiki cikin akwatin saƙo, sifili zai ba ka. In kana buƙatarsa a can, ka fitar da shi daga `f $0` ka karɓe shi da `$1`.

Da yake an ambaci Properties, silaida da 'yan'uwanta, waɗanda Thomas Musil ya rubuta a cibiyar IEM da ke Graz ta ƙasar Ostiriya, suna da gurbin sunan aikawa da na karɓa, yadda ba sai ka ja musu igiya ba. Suna da wata kariya kuma: in sunan aikawa da na karɓa suka zama ɗaya, silaida ba ta sake fitar da abin da ya shigo mata. Saboda haka wasu sukan ba silaida uku suna ɗaya a gurbin biyu, su kuma daidaita da kansu. Yana aiki, amma ban so ka dogara da shi ba. Akwatin lamba na gargajiya ba ya bin wannan ƙa'idar, ƙorafin kewaye marar iyaka zai yi maka. Sannan babu wurin da za ka tace lambar ko ka canza ma'auninta. In za ka yi amfani da gurbin karɓa, ka tabbata abin da ke zuwa ta wannan sunan `set` ne, ba lamba tsirara ba, in ba haka ba kewayen ya dawo ta bayan gida.

Yanzu ga wurin da aikin yake da ɗan wuya, wato ma'auni. Kunne ba ya jin mita a miƙe. Daga 220 zuwa 440 tazara ɗaya ce a kunne da daga 440 zuwa 880. In silaidarka tana tafiya a miƙe daga 20 zuwa 20000, duk wurin da kiɗa yake da daɗin murɗawa zai matse a ɗan gefen hagu. Don haka za ka so silaida ta yi aiki da lambar maɓallan MIDI, inda 69 take daidai da 440 Hz, 81 kuma 880 Hz, shi kuwa akwati ya nuna Hz, wato yawan kaɗawar sauti a daƙiƙa. Ka zaɓi ma'auni ɗaya ga ma'ajiya, a ce Hz, kowace fuska kuma ta yi wa kanta canji a bakin ƙofa: silaida ta fita ta `mtof`, mai mayar da lambar MIDI zuwa Hz, ta karɓa ta `ftom`, mai yin akasin haka, kafin `set $1`. Haka ƙarar sauti: `dbtorms` a fita, `rmstodb` a dawowa, inda a lissafin Pd 100 take nufin 1, 94 kuma kusan rabi.

Nan ne za ka ga amfanin `set` a kan wata dabarar da ake yawan bayarwa, wato a sa `change` a tsakiyar kewaye domin ya tsaya da kansa in lamba ta maimaitu. Pd na yau da kullum yana lissafi ne da lambobi masu bit 32, waɗanda ingancinsu bai wuce gurbi bakwai ba. Lamba in ta bi ta `mtof` ta dawo ta `ftom`, ba lallai ta dawo daidai yadda ta tafi ba, tana iya kaucewa a can gurbin ƙarshe da allo ba ya nunawa. A idonka lamba ɗaya ce, a wurin `change` sabuwa ce. Kewayen zai iya yin zagaye kaɗan ya lafa, amma ka riga ka rasa ainihin lambar da aka shigar. Da `set`, tafiyar hanya ɗaya ce, abin da fuska ta nuna ba ya komawa ma'ajiya sai in hannu ne ya taɓa ta.

Akwai wata cuta da sai ka riƙe maus a hannu za ka gane ta. Ɗauki silaida mai faɗin ɗigo 128 da aka sa mata iyaka daga 0 zuwa 8, ma'ajiya kuma tana yanke lambar da `int` domin cikakkiyar lamba ake so. Tana kan 3. Ka ja ta dama a hankali, ɗigo ɗaya: ta fitar da 3.06, ma'ajiya ta yanke zuwa 3, `set 3` ya dawo ya mayar da ita inda take. Ka sake ja, ta sake komawa. Kamar an manne ta, sai ka fizga da ƙarfi take tsallakewa. Ka ja ta hagu ɗigo ɗaya kuwa, 2.94 ta zama 2, ta yi tsalle mataki guda. Laifin na sanarwar da ke komawa ga wanda ya kawo maganar ne, alhali hannu yana kansa. Gyaran yana da sauƙi saboda yadda saƙo ke tafiya a Pd. Ka sa `spigot 1`, ƙofar da 1 ke buɗewa 0 ke rufewa, a hanyar sanarwar silaida, sannan mafitarta ta bi ta `t b f b`. Bugun dama ya aika 0 ya rufe `spigot`, lambar tsakiya ta tafi ma'ajiya ta gama zagayenta duka, bugun hagu ya aika 1 ya buɗe. Da yake reshe yana ƙarewa kafin a shiga na gaba, babu abin da zai kutsa tsakani. Ga silaida da na'urorin waje ina sa wannan kariyar. Ga akwatin lamba ba na sawa, domin shi ina so gyara ya koma masa kamar yadda muka gani da 50000. In kuwa zaɓin bai wuce takwas ko tara ba, jerin zaɓi, wato `hradio`, ya fi dacewa da aikin tun farko.

Makunni, wato `tgl`, yana da nasa tarkon. In ka aika `bang` ga silaida, lambarta take fitarwa ba tare da ta canza ba. In ka aika wa makunni, juyawa yake: in a kunne yake ya mutu. Wanda ya saba tambayar fuskoki halin da suke ciki da `bang` zai wayi gari ya ga makunnai sun juye. Ma'ajiya ake tambaya.

Sai ajiyayyen saiti, wanda yanzu ya zama abu mai sauƙi. In za ka ajiye, karanta daga ma'ajiyoyi. In za ka ɗauko, aika lambar ta `$0-mita-shiga` kamar kowa, allo da sauti su tashi tare. `text define -k` yana adana abin da ke cikinsa tare da facin, `savestate` kuma, wanda ya zo da Pd 0.49 a 2018, yana ba kowane kwafin ƙaramin faci damar riƙe nasa saitin. Lokacin buɗe faci kuma, ka kashe zaɓin Init a duk fuskokin. In silaida biyu suna da shi a kunne da lambobi daban, kowacce za ta fitar da tata yayin buɗewa, ta ƙarshe ta yi nasara. `loadbang` ɗaya ya ba ma'ajiya lambar farko, ita ta raba.

Mamurɗin MIDI shi ne fuskar da ba ta jin `set`, domin ƙarfe ne da roba a kan tebur. Ka'idar MIDI ta fito a 1983, kuma saƙon sarrafawa na yau da kullum lamba ce daga 0 zuwa 127. `ctlin` zai ba ka ita, ka raba da 127, ka shimfiɗa ta a kan iyakar da kake so, ka aika ƙofar shiga. Lura da kaurin matakan: daga 20 zuwa 20000 Hz mita tana ninkawa biyu kusan sau goma ne, in ka raba shi gida 127 kowane mataki ya kusa tazarar maɓallin kibod da maƙwabcinsa. Kunne zai ji shi kamar hawa tsani, musamman in filtar tana da kaifi. Ka rage iyakar zuwa inda kiɗanka yake buƙata, ko in na'urar tana iya aika lamba mai bit 14, wadda ake haɗawa daga masu sarrafawa biyu, 0 zuwa 31 da abokansu 32 zuwa 63, ka yi amfani da ita. Ka tuna kuma 64 a kan 127 ba rabi cif ba ne, ya ɗan gota, abin da ke damun mai son sauti ya tsaya tsakiyar lasifika biyu.

Babbar matsalar ita ce tsalle. Ka ɗauko saiti mai 500 Hz, mamurɗi kuwa yana can sama inda ka bar shi. Ka ɗan taɓa shi, filta ta buɗe gaba ɗaya a tsakiyar waƙa, a gaban jama'a. Maganin da aka saba shi ne a toshe kunne ga mamurɗin har sai ya zo ya tarar da lambar ma'ajiya. Shirin kiɗa na Ableton Live yana kiran wannan Pickup, yana kuma da wani salon, Value Scaling, inda lambar ke bin hannu sannu a hankali har su haɗu. A Pd za ka gina shi da `spigot` ɗaya. Duk lokacin da wani ba mamurɗi ba ya canza ma'ajiya, rufe shi. Duk saƙon da ya zo daga mamurɗi, ka debe lambar ma'ajiya daga tasa, bayan ka mayar da su ma'auni ɗaya. In bambancin ya yi ƙasa da mataki biyu, ko alamarsa ta juya daga ƙari zuwa ragi, buɗe. Duba juyawar alamar wajibi ne, domin in aka murɗa da sauri na'urar takan tsallake lambobi, ba za ta taka daidai inda kake jira ba. Ka kuma sa ɗan haske a allo da zai nuna mamurɗi ya kama ko bai kama ba. Mawaƙin da ke murɗa abu ba ya jin canji zai ɗauka waya ce ta cire.

In na'urarka mai injin motsa silaida ce, irin Behringer BCF2000 ko X-Touch, ko mai zoben fitila kewaye da mamurɗi, to tana jin magana: `ctlout` shi ne `set` ɗinta. Ka sa mata kariyar `t b f b` da muka yi, in ba haka ba injin zai riƙa ja-in-ja da yatsanka. Akwai kuma kewayen da ke bi ta wajen Pd. Wasu na'urori, ko tashoshin MIDI na cikin kwamfuta irin IAC a Mac da loopMIDI a Windows, suna iya dawo maka da abin da ka aika. Wannan ba zai ba da jan rubutu ba, domin saƙon ya fita ya dawo ne daga baya, `spigot` ɗinka ya riga ya buɗe. Abin da za ka gani shi ne ka rubuta 1000 a akwati, ya koma wata lamba kusa da ita da kansa, domin an matse ta cikin mataki 128 an dawo da ita. Ga dabarar: sa `change` nan da nan bayan `ctlin`, kuma duk lambar da za ka aika ta `ctlout` ka fara aika wa wannan `change` ɗin ita da `set $1`. In ta dawo, zai ga abin da ya riga ya sani, ya haɗiye.

Wayar hannu mai TouchOSC, manhajar da ke mayar da waya na'urar sarrafa sauti, ma haka take. Ka'idar OSC, wadda Matt Wright da Adrian Freed suka gabatar a cibiyar CNMAT ta Berkeley a 1997, ba ta da matsin mataki 128, Pd kuma yana da `oscparse` da `oscformat`. Sai dai yawanci ta UDP ake aikawa, inda saƙo kan ɓata a hanya ba a sanar da kowa ba, wayar kuma tana iya shigowa bayan an daɗe da farawa. Ka yi suna ɗaya, a ce `$0-sake-faɗa`, da zai buga `bang` ga duk ma'ajiyoyi, ka ba wayar maɓallin da zai kira shi.

A ɓangaren inji abu ɗaya zan ce. Pd yana lissafin sauti ne guntu-guntu, samfuri 64 a lokaci guda, wato kusan milisakan 1.45 a kan 44100 Hz, saƙonni kuma suna shiga ne tsakanin guntayen. Lambar da ta yi tsalle kai tsaye cikin ƙarar sauti tana ba da ƙas-ƙas. Ka bi da ita ta `pack f 20` zuwa `line~` domin ta canza a hankali, kuma ka zaɓi filta mai karɓar sigina a mashigar mitarta, irin `vcf~`. Wannan laushin na inji ne kaɗai, kada ya koma ma'ajiya. In kana so allo ya nuna motsin da inji ke yi da kansa, ka ɗauko shi da `snapshot~` da `metro 40`, sau 25 a daƙiƙa, ka kai shi wata fuska ta kallo kawai. Allon Pd shiri ne daban da aka rubuta da Tcl/Tk, yana magana da injin ta kafar sadarwa, kuma in ka cika shi da zane sauti ne zai fara yankewa.

In wata rana ka koma Max, wani shiri irin Pd wanda shi ma Puckette ne ya fara shi a IRCAM da ke Paris a shekarun 1980, tunanin bai canza ba. `prepend set` yana yin aikin `set $1`. Can igiyoyin da suka fito daga mafita ɗaya suna bin matsayin akwatuna ne daga dama zuwa hagu, don haka matsar da akwati kawai yana iya juya tsari, `trigger` dai shi ne mafita. `pattr` da `pattrstorage` ma'ajiya ce da aka riga aka gina maka. A Max for Live, wato Max a cikin Ableton Live, in fuskoki biyu suna nuna abu ɗaya, ɗaya kawai za ka bari a Automated and Stored, ɗayar ka sa ta Hidden, in ba haka ba Live zai adana lambobi biyu su yi karo lokacin buɗewa. In kuma ka kai facinka cikin manhajar waya ta libpd, wato injin Pd da ake dasawa cikin wata manhaja, allon Pd ba ya bin ka can, sunayen aikawa da karɓa ne kaɗai hanyar magana da facin, ga shi kuwa ka riga ka tanade su.

Kafin ka ɗora sauran abubuwan sarrafawa a kan wannan tsarin, gwada shi da mita kaɗai. Rataya `print shiga` a ƙofar shiga da `print nuna` a ƙofar sanarwa. Rubuta 1000 a akwati ka danna Enter: layi ɗaya ya kamata ka gani daga kowanne. In `shiga` ya fito sau biyu, akwai fuskar da lamba tsirara ke isa gare ta, ko na'urar waje tana mayar maka da magana. Sannan ka rubuta 50000 sau biyu a jere ka ga ko akwatin ya koma 20000 duka biyun, ka ja silaida a hankali hagu da dama, ka ɗauko saiti ka taɓa mamurɗi ka saurari ko filta ta yi tsalle, ka rufe facin ka sake buɗewa. In duk sun wuce lafiya, ka mayar da ma'ajiyar ƙaramin faci mai karɓar suna da iyaka ta ƙasa da ta sama da lambar farko a `$1` zuwa `$4`, yadda kowane sabon abin sarrafawa akwati ɗaya kawai zai ci maka.